Wa ke bayan mace idan naƙuda ta rikice?

A ƙasar Holan, har yau ɗin nan, kusan haihuwa ɗaya cikin bakwai a gida ake yinta, a kan gadon da matar take kwana. Babu wata ƙasa mai arziki da ta kai ta yawan haihuwar gida. Duk da haka matan da ciki ko haihuwa ke kashewa a can ba su wuce 4 zuwa 5 ba a cikin haihuwa 100,000. Mu ma nan Arewa maso Yamma a gida muke haihuwa, domin binciken lafiya na ƙasa na 2018 ya nuna kusan kashi 16 cikin 100 ne kacal na haihuwar yankinmu ake yi a asibiti. Amma ƙiyasin Hukumar Lafiya ta Duniya na shekarar 2023 ya ce a Najeriya mata 993 ne ke rasuwa a cikin haihuwa 100,000, wato kimanin mata 75,000 a shekara guda, fiye da kashi ɗaya cikin huɗu na duk matan da haihuwa ta yi ajalinsu a faɗin duniya.

Musun da ake yi a Zariya a kan wannan batu iri ɗaya ne kullum, ko a gidan suna a Ƙofar Doka ko a gidajen malaman jami'a a Samaru. Wanda ya yi karatu a waje ya dawo zai ce matsalarmu ƙin asibiti. Wata dattijuwa ta ce ita goma ta haifa a ɗakinta, ba ta taɓa sanin ƙofar likita ba, ga su nan duk sun girma. Kowanensu yana da gaskiyarsa, sai dai dukansu suna magana ne a kan inda mace take durƙusawa, alhali abin da ya raba ƙasashe shi ne abin da ke tsaye a bayanta ranar da naƙuda ta ƙi tafiya yadda aka saba.

A Holan mace tana sanin tana da ciki za ta yi rajista da ƙwararriyar ungozoma wadda ta yi shekara huɗu tana karatun wannan aiki. Ita za ta riƙa duba ta har ta sauka, kuma babban aikinta shi ne tantancewa. Idan jini ya hau, ko tagwaye ne, ko ɗa ya zo ta ƙafa, ko an taɓa yi wa matar aiki, maganar haihuwar gida ta ƙare, asibiti za a tura ta wurin likita. Wadda aka bari ta haihu a gida ita ce wadda aka auna aka ga komai nata daidai. Ranar naƙuda ungozomar tana zuwa da allurar tsayar da jini, da iskar numfashi, da kayan ɗinki, ga wayar asibiti a hannunta, ga motar ɗaukar marasa lafiya da za ta iso cikin mintoci. Kuma ana amfani da wannan hanya sosai. A Ingila, inda ake da tsari makamancin wannan, wani babban bincike na 2011 ya gano cewa kashi 45 cikin 100 na masu haihuwar fari da suka fara naƙuda a gida sai da aka wuce da su asibiti. Ba a ɗaukar hakan gazawa. Dama an shirya masa tun kafin ciki ya tsufa.

Tamu haihuwar gidan daban ce. A al'adarmu ungozoma ba mai karɓar haihuwa ba ce a mafi yawan lokaci. Sai an sauka ake aika mata, ta zo ta yanke cibi, ta wanke jariri, ta binne mabiyiya, ta kama aikin jego. Ita kuwa naƙudar, mace ita kaɗai take cinta, musamman ta ɗan fari, inda kunya ke hana yarinya ta ce wa surukarta ciwo ya fara. Binciken 2018 ya nuna kusan haihuwa ɗaya cikin goma a Najeriya ana yinta ne babu kowa a wurin, kuma mafi yawan waɗannan a Arewa suke. Babu wanda ya auna jininta a wata na bakwai, babu wanda ya san yadda ɗa ya kwanta, kuma babu motar da aka yi magana da ita tun da rana. Mafi yawan lokaci Allah yana raba lafiya, shi ya sa dattijuwar nan ba ƙarya take yi ba. Amma masana sun daɗe da lissafa cewa kusan ciki 15 cikin 100 zai zo da tangarɗar da ke buƙatar ƙwararren hannu, kuma da yawa daga cikin waɗannan ba a iya gane su sai sun faru.

Ba sai mun je Turai ba kafin mu ga wannan rata. A nan Zariya aka yi ɗaya daga cikin binciken da suka fi tasiri a kan haihuwa a nahiyar Afirka. Farfesa Kelsey Harrison da abokan aikinsa a Asibitin Koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello sun bi diddigin haihuwa 22,774 a jere daga 1976 zuwa 1979, aka buga sakamakon a 1985. Mata 238 ne suka rasu. Cikinsu 219 waɗanda ba su taɓa zuwa awo ba ne, sai da al'amari ya ɓaci aka kawo su rai a hannun Allah. Idan aka lissafa, masu katin awo wajen 130 ne ke rasuwa cikin 100,000, marasa kati kuwa kusan 2,900. Asibiti ɗaya ne, likitoci ɗaya, magani ɗaya, amma tazarar ta haura ninki ashirin. Harrison ya kuma nuna cewa matan da suka yi makaranta sun fi tsira nesa ba kusa ba, har ya kafe a kan cewa ilimin 'ya'ya mata shi ne tushen gyara.

Wannan lissafi yana da ɗan abin lura. Waɗanda aka kawo ba kati dama su ne waɗanda haihuwarsu ta riga ta rikice, sauran 'yan uwansu da suka sauka lafiya a gida ba su shiga ƙirga ba. Don haka ba katin kansa ne ya yi dukan aikin ba. Abin da alƙaluman suka tabbatar shi ne lokacin da mace ta iso hannun mai iya taimakonta yana iya zama bambancin rai da mutuwa. Shekara arba'in da ɗoriya bayan nan, asibitin ya koma Shika, an sami sababbin na'urori, amma duk ma'aikacin ɗakin haihuwa a garin nan zai gaya maka har yanzu cikin dare ake shigo da matan da suka kwana biyu a kan gwiwa daga ƙauyukan Giwa, Soba ko Kudan.

Zubar jini bayan haihuwa shi ne babban mai kisa, kuma shi ya fi nuna inda tsarin kowace ƙasa yake da ƙarfi ko rauni, domin ba ya jira. Mace mai ƙoshin lafiya tana iya tafiya cikin awa biyu. Likitoci suna cewa jini ya yi yawa idan ya kai mililita 500, wato cikin ledar fiya wata guda, kuma ido yana yaudara ƙwarai a nan, zani da katifa su shanye jini mutane suna cewa ai ƙazantar haihuwa ce ke fita. A Ingila ko Faransa ana yi wa kusan kowace mace allurar oksitosin, mai sa mahaifa ta tsuke jini ya tsaya, da zarar ɗa ya fito, kuma idan abin ya ƙi akwai jini a ajiye a firji. A wurinmu, ko an isa asibiti, sau da yawa sai a ce wa miji ya nemo masu ba da jini, ya fita tsakar dare yana kiran ƙannensa da abokansa a waya. Matar kuma dama da ƙarancin jini ta shiga naƙuda, saboda zazzaɓin cizon sauro da rashin abinci mai gina jiki da haihuwa kusa-kusa.

Abin da ya kamata ya ba mu ƙarfin gwiwa shi ne maganin wannan ba ya buƙatar arzikin Turai, kuma maƙwabtanmu sun gwada. Jamhuriyar Nijar, wadda ta fi mu talauci, ta fara wani shiri na ƙasa baki ɗaya a 2014 mai hawa uku: a ba mace ƙwayar misofurostol mai tsuke mahaifa, idan jini bai tsaya ba a sa ɗan balan-balan a cikin mahaifa ya danne inda ke zuba, idan har yanzu bai tsaya ba a ɗaure ta da rigar matse jiki a garzaya da ita babban asibiti. Sakamakon da aka buga a 2023 ya nuna mutuwa ta dalilin zubar jini a asibitocin ƙasar ta ragu da fiye da rabi. Matan Maraɗi da Damagaram 'yan uwanmu ne, harshe ɗaya, addini ɗaya, kunya iri ɗaya. A shekarar 2023 ɗin kuma aka fitar da sakamakon wani gwaji da aka yi a asibitoci 80 na Najeriya, Kenya, Tanzaniya da Afirka ta Kudu, wanda Farfesa Hadiza Galadanci ta Jami'ar Bayero ta jagoranci ɓangarensa na Najeriya. Leda ce mai ma'auni ake shimfiɗa wa mace don a ga yawan jinin da ke zuba, da ya kai iyaka sai a haɗa magunguna a ba ta gaba ɗaya maimakon a gwada wannan a jira a gwada wancan. Mummunar zubar jini ta ragu da kashi 60 cikin 100. Haka lamarin jijjiga yake. Tun 2002 aka tabbatar cewa allurar magnesiyam salfet, mai araha, tana rage haɗarinta da fiye da rabi. Amma sai an auna hawan jini a wurin awo ake sanin wadda ke bakin haɗari, kuma har yanzu a gidaje da yawa idan mai ciki ta fara taune-taune, hayaƙi da tofi ake fara yi mata kafin a tuna da mota.

Maganar aiki, wato tiyatar fito da jariri, ita ce inda duniya ta rabu gida biyu kuma kowane gida yana cutuwa. A Barazil fiye da rabin haihuwa ta aiki ce, a asibitocin kuɗi ma ya haura kashi 80. A Masar binciken 2021 ya nuna kashi 72 cikin 100. Dalilan ba na lafiya ba ne gaba ɗaya: likita ya fi samun kuɗi kuma ya fi iya tsara lokacinsa, mata suna tsoron zafin naƙuda da wulaƙancin ɗakin haihuwa, asibiti kuma yana tsoron ƙara a kotu. Aikin da ba dole ba yana da nasa haɗarin, musamman ga ciki na gaba, inda tabon mahaifa kan jawo mabiyiya ta manne ko mahaifar ta fashe. A Najeriya kuwa kashi 3 cikin 100 ne a 2018, a ƙauyukan Arewa ma bai kai haka ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce har zuwa wajen kashi 10, duk ƙarin da aka samu yana rage mutuwar uwa da jariri. Ke nan a cikin kowace mace ɗari da ta haihu a yankinmu akwai da dama da suke buƙatar aiki ba su samu ba.

Inda waɗannan matan suke ƙarewa mun sani. Wasu sun rasu a kan gwiwa. Wasu an ciro ɗan ba rai, su kuma suka tashi da yoyon fitsari, saboda kan jariri ya daɗe yana danne mafitsara har naman ya mutu. Wani bincike na mata 1,443 masu wannan lalura da aka duba a Zariya tsakanin 1969 da 1980 ya gano kashi 83 doguwar naƙuda ce ta jawo musu, kashi 13 kuma yankan gishiri. Turai da Amurka sun taɓa fama da wannan ciwo, har a birnin New York an taɓa buɗe asibiti dominsa a ƙarni na 19, ya ɓace ne lokacin da tiyata ta zama abin da kowace mace za ta iya samu a kan lokaci. Mu har yau muna da sashen gyaran yoyon fitsari a asibitin Gambo Sawaba da ke Ƙofar Gayan, ga na Babbar Ruga a Katsina inda wani likita ɗan Holan, Kees Waaldijk, ya yi shekaru da dama yana ɗinke abin da a ƙasarsu likita zai gama aikinsa bai taɓa gani ba.

Ina ganin tsoron aiki da ke zukatan mutanenmu ya cancanci a saurare shi da mutunci. Mace tana tsoron a ce ta kasa, raguwa ce, kishiya ta sami abin gori. Miji yana tsoron kuɗin da zai iya cinye amfanin gonarsa na shekara. Kuma mutane sun ga waɗanda aka shiga da su ɗakin tiyata ba su fito ba, ba tare da an bayyana musu cewa jinkirin kwana biyun da aka yi a gida ne ya kashe su ba wuƙar likita ba. A Nuwamban 2024 Ministan Lafiya Muhammad Ali Pate ya sanar da cewa za a riƙa yi wa mata marasa ƙarfi wannan aiki kyauta. Mataki ne mai kyau. Nijar ta yi irinsa tun 2005, kuma darasin da ta koya shi ne idan gwamnati ta yi jinkirin biyan asibitoci, kyautar kan koma takardar sayo magani a kemis. A ƙasar da fiye da kashi 70 cikin 100 na kuɗin lafiya daga aljihun majiyyaci yake fita, wannan ne abin da ya kamata a sa wa ido.

Sai dai kuɗi kaɗai ba ya sayen tsira, kuma Amurka ce shaida. Babu ƙasar da ke kashe abin da take kashewa a kan lafiya, haihuwa guda tana iya cin dala dubu goma sha wani abu, amma a cikin ƙasashe masu arziki ita ce matanta suka fi mutuwa. A 2023 adadin ya kai kusan 19 cikin 100,000, kuma idan aka rarraba, baƙaƙen fata 50 ne, farare kusan 15. Ilimi da dukiya ba sa goge wannan rata. Serena Williams, shahararriyar 'yar wasan tanis, ta ba da labarin yadda bayan haihuwarta a 2017 numfashinta ya fara ɗaukewa, ta gaya wa ma'aikaciyar jinya cewa tana da tarihin daskarewar jini a huhu, a yi mata hoto, aka ɗauka maganin kashe zafi ne ya ruɗa ta. Da aka yi hoton sai ga gudajin jini a huhunta. A Birtaniya ma, inda haihuwa kyauta ce tun 1948, rahotanni sun sha nuna baƙar mace ta fi farar fata haɗarin mutuwa ninki biyu zuwa biyar, gwargwadon shekarun da aka duba.

Wannan ya taɓa mu kai tsaye, domin rashin sauraro shi ne ƙorafin da matan Zariya suka fi yi idan ka tambaye su dalilin ƙin komawa asibiti. Za su ce an daka musu tsawa suna tsakiyar ciwo, wata ma ta sha mari a cinya. Za su ce an hana uwa ko yaya shiga, an bar su su kaɗai a kan gado babu labule, ɗalibai maza suna wucewa. Za su ce an tilasta musu kwanciya rigingine alhali su durƙuso suka sani, kuma ilimin zamani bai ce durƙuso laifi ba ne, a Ingila ma ungozoma ce ke ƙarfafa mace ta tsuguna ko ta durƙusa yadda jikinta ya fi so. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar a bar kowace mace ta zaɓi wanda zai zauna da ita lokacin naƙuda, saboda an ga hakan yana rage tsawon naƙuda da buƙatar aiki. Ba na ɗora laifin duka a kan malaman asibiti. Nas ɗaya ce za ka tarar da mata shida cikin dare, ba wuta, albashi bai isa ba, abokan aikinta sun tafi Saudiyya ko Birtaniya. Amma barin uwa ta shiga ta riƙe hannun 'yarta ba ya cin ko kwabo, kuma macen da aka wulaƙanta a haihuwar fari ba ita kaɗai ake rasawa ba, duk matan gidansu sun ji labari. Game da zafi kuwa, a Faransa kusan mata takwas cikin goma ana yi musu allurar kashe zafi ta ƙashin baya, a Japan kaɗan ne ke karɓa duk da arzikinsu, a wurinmu galibi ba a ma tambaya.

Akwai wurin da muka fi ƙasashe da yawa, kuma bai kamata mu raina shi ba. Maijego a ƙasar Hausa tana da kwana arba'in na hutu da kulawa, ta tafi wanka gidan iyayenta ko a turo mata tsohuwa, a dafa mata, a ɗauke mata aiki, a koya mata shayarwa. Mace a Amurka tana iya komawa aiki mako biyu bayan haihuwa, domin dokar tarayyarsu ta 1993 mako 12 ta bayar kuma ba albashi, ba kowa ma ta shafa ba. Suwidin tana ba iyaye biyu kwana 480 su raba. Holan tana turo ma'aikaciya gida ta yi wajen awa 49 cikin kwana takwas na farko. Japan tana da al'adar komawa gidan iyaye haihuwa irin tamu sak. Jihar Kaduna ta ba ma'aikatanta mata hutun wata shida tun 2019, amma mai ƙuli-ƙuli da mai ɗinki da mai saƙar hula a cikin birni hutunsu ɗaya ne, wanda dangi suka ba su.

Abin da jegonmu ya rasa shi ne ido mai ilimin lafiya. Ma'aikaciyar Holan tana duba zafin jiki da yawan jinin biƙi da ciwon ɗinki kullum, ta kira ungozoma idan ta ga abin da bai yi mata ba. A Najeriya, a binciken 2018, kashi 42 cikin 100 na masu jego ne kawai aka duba cikin kwana biyu na farko bayan haihuwa, alhali a waɗannan kwanakin ne mutuwa ta fi yawa. Kuma Zariya ta yi suna a littattafan likitanci saboda ciwon zuciyar masu jego. A shekarun 1970 likitoci Davidson da Parry sun ruwaito cewa yana kama kusan mace ɗaya cikin ɗari a nan, adadin da ba a taɓa gani a wani wuri ba, suka danganta shi da wankan tafasasshen ruwa, kwanciya a gadon da aka hura wa wuta, da kunun kanwa. Binciken baya-bayan nan daga Kano ya fi karkata ga talauci, rama, hawan jinin ciki da ƙarancin sinadarin seleniyam. Ko wanne ne ya fi nauyi, maijegon da ƙafafunta suka kumbura, take haki, ba ta iya kwanciya sai ta jingina, asibiti take buƙata a ranar, kuma wadda ta yi hawan jini a ciki bai dace a cika ta da kanwa ba.

Ƙasashen da suka fita daga inda muke ba su jira sun yi arziki ba. Suwidin ƙasar manoma matalauta ce lokacin da ta fara horar da ungozomomi tana tura su ƙauyuka, kuma zuwa 1900 ta sauko da adadin matan da haihuwa ke kashewa zuwa wajen 230 cikin haihuwa 100,000, tun kafin a gano fenisilin. Siri Lanka ta haura 1,500 a tsakiyar shekarun 1940, yanzu tana wajen 30, ta hanyar ba kowace ungozomar gwamnati yankinta da sunayen masu cikin da ke wuyanta, tana bin su gida-gida. Finlan ta riƙa ba kowace mai ciki akwatin kayan jariri tun 1949, da sharaɗin ta zo awo kafin ƙarshen wata na huɗu. Habasha ta rage nata daga sama da 900 a 2000 zuwa ƙasa da 300 a 2020. Malawi kuwa ta gwada haramta ungozomomin gargajiya a 2007, ta janye a 2010, domin mata ba su daina zuwa wurinsu ba, ɓoyewa kawai suka koma yi. Wannan gargaɗi ne gare mu. Ungozomar unguwa ita ce wadda ake buɗe wa ƙofa a kowane lokaci, gara a koya mata alamomin haɗari a ba ta lambar wayar da za ta kira.

Abu ɗaya da waɗannan ƙasashe suka yi tarayya a kai shi ne ƙirga matattunsu. Suwidin ta fara rubuta haihuwa da mutuwa a faɗin ƙasa tun 1749. Ingila tun 1952 take binciken kowace mace da ta rasu ta dalilin ciki, ba tare da bayyana sunan kowa ko hukunta kowa ba, sai don a gano inda aka kuskure a sanar da sauran asibitoci. Mu kuwa alƙalumanmu ƙiyasi ne, shi ya sa binciken gida na 2018 ya ce mata 512 ne ke rasuwa cikin haihuwa 100,000, na Majalisar Ɗinkin Duniya ya ce kusan 1,000. Matar da ta rasu da asuba a wani ƙauyen Makarfi an yi mata sutura kafin azahar, babu takardar da sunanta ya shiga.

Mun yi imani kwana idan ya ƙare babu mai ƙara shi, kuma hadisi ya yi wa wadda ta rasu wajen haihuwa bushara da shahada. Wannan rahama ce gare ta. Bai ɗauke wa masu rai tambaya ba. Najeriya tana da tsarin bitar mutuwar masu haihuwa a rubuce, amma ƙarfinsa a manyan asibitoci yake, inda kaɗan daga cikin matanmu ke rasuwa. Masarautar Zazzau tana da abin da ma'aikatar lafiya ba ta da shi, wato mai unguwa da liman da babu gawar da ake fita da ita ba da saninsu ba. Da za a ba su alhakin sanar da asibitin gunduma duk lokacin da mai ciki ko maijego ta rasu, ma'aikaciyar lafiya ta je gaisuwa bayan sadakar uku ta yi tambaya cikin ladabi: yaushe ciwon ya fara, wa aka jira ya ba da izini, awa nawa aka yi ana neman mota, da aka isa an sami ma'aikaci da jini da wuta ko ba a samu ba. Cikin shekara guda kowace ƙaramar hukuma daga Sabon Gari zuwa Soba za ta san ko tata matsalar hanya ce, ko jini, ko izinin maigida, ko asibitin da ake rufewa da magariba.